Shagon Baba mai tsofaffin kuɗi a cikin kasuwar Kurmi ta Kano, abin da na gani da abin da bai min daɗi ba

Daminar bara ce katangar ɗakin kakanmu ta zube a gidanmu na cikin gari, can wajen Koki, ginin ƙasa ne tun na da, shekara da shekaru ana cewa za a rushe a sa bulo ba a yi ba sai da ruwan watan Agusta ya kwantar da ita cikin dare. Alhamdulillahi ba kowa a ɗakin. Da magina suka zo kwashe ƙasa sai ɗayansu ya ƙwala wa Baffa kira wai ya zo ya gani, ashe akwai wani alkuki a jikin bangon da aka toshe aka yaɓe shi tun ba a haife ni ba, a cikinsa ga wata 'yar adakar ƙarfe duk tsatsa ta cinye murfin, an naɗe ta da tsohuwar fata an kuma sa ta a buhu. Ina kasuwa aka bugo min, kafin na ƙaraso tsakar gida ta cika da mata da yara har da maƙota.

Da aka ɓalle ta kuɗi ne. 'Yan ashirin-ashirin masu hoton Murtala rafa biyu, 'yan goma-goma rafa ɗaya, sai naira ɗai-ɗai jajaye masu yawa, robar da aka ɗaure su ta narke ta manne a jikin na sama da na ƙasa, gefe guda danshi ya taɓa su sun yi baƙi-baƙi suna warin hunhuna, amma na tsakiya wallahi kamar jiya aka fito da su daga banki. Can ƙasa kuma ga wata 'yar jakar fata irin ta dukawa, a ciki akwai fam da sule na takarda guda bakwai, da anini da kwabo mai huji cikin tafin hannu, da wata takarda a ninke da rubutun ajami wanda tawadarsa ta koma ja.

To kun san halin gida, nan take aka fara lissafi, wannan yace ai tsohon kuɗi yanzu miliyoyi ne, wancan yace banki za a kai a canza. Ni aka ɗora wa yawon tunda ni ne ɗan kasuwa. Maganar banki dai tun a waya wani abokina da yake aiki a can ya kashe min ita, yace kuɗin da aka soke tun 1984 ba wanda zai karɓa. Na je Wapa gurin 'yan canji, su ma suka ce ba layinsu bane, sai wani dattijo a cikinsu ya ja ni gefe yace in shiga Kurmi in tambayi mai tsofaffin kuɗi a layin masu kayan da, kusa da inda ake sai da kayan fata da tsakiya da tsofaffin takubba, yace kar in nuna wa kowa a hanya.

Samun shagon shi ne wahala ta farko kuma gwara in faɗa tun yanzu. Ba allo, ba suna, ba komai. A daidaita sahu zai sauke ka ta wajen Jakara sauran kuma da ƙafa ne, lungu ya ba ka lungu, in damina ce ka sa takalmin da ba ka jin tausayinsa. Sau uku ina wuce ƙofar ban sani ba saboda daga waje abin da za ka gani tasoshin tagulla ne da mundaye da wani tsohon sirdi a rataye. Faɗin shagon bai fi mutum uku su zauna ba, fanka ɗaya ce 'yar sola, kuɗin kuma ba a baje suke ba suna cikin wani kwaba na katako a bayan mai shagon, sai ya yarda da kai zai buɗe.

Baba zai haura saba'in, siriri ne mai farin gemu, baya gaggawar magana. Na durƙusa na gaishe shi nace Baba gurinka aka turo ni, yace to ɗana zauna, daga wane gida? Sai da ya gama tambayar asalina, ashe ma ya san layinmu, sannan yace in fito da abin da na kawo. Abin da ya fara burge ni shi ne kafin ya taɓa komai sai da ya sa yaronsa ya zuba masa ruwa a buta ya wanke hannu ya goge tas ya jira ya bushe, ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan wani faranti, sannan ya karɓa. Ni kuma garin in nuna masa na tsakiya masu kyau sai na kai yatsa baki zan lasa in ƙirga irin yadda muka saba a kasuwa, caraf ya riƙe min hannu yace a'a ɗana, yawu da gumi su ne ajalin takarda, wadda ta yi shekara arba'in a bango ba ta mutu ba kar ta mutu a hannunka yau.

Ya ɗauki Murtala ɗaya ta gefe-gefe da yatsa biyu ya ɗaga ta saitin hasken ƙofa ya nuna min mikiyar nan da take ɓoye a cikin takardar, ya duba zaren da ya ratsa ta, ya sa gilashin ƙara girma a kan sa hannun gwamnan babban banki. Yace wannan ta farko ce, a Fabrairun 1977 aka fito da ita, shekara guda bayan an kashe Janar Murtala a Legas, kuma ita ce takardar kuɗi ta farko a ƙasar nan da aka sa hoton wani ɗan Najeriya sananne a jiki. Na goma masu hoton Alvan Ikoku da na naira ɗaya masu Herbert Macaulay kuma na 1979 ne, tare suka fito da naira biyar mai Tafawa Ɓalewa. Yace ka ga naira ɗayan nan ja ce ko? To bayan canjin 1984 naira goma ce ta koma ja, hotunan ba a taɓa su ba kala kawai aka juya, da kalar ake gane wanda ya riga canji da wanda ya biyo baya. Naku duk sun riga canji.

Wannan canjin na 1984 mu da muka taso daga baya labarinsa kawai muke ji. Mulkin soja ne na Buhari, a ƙarshen watan Afrilu aka wayi gari an rufe iyakokin ƙasa an ce an canza kalar kuɗi, kwanakin da aka bayar ko sati biyu ba su cika ba, mutum zai canza har naira dubu biyar a hannu, abin da ya haura sai ka zuba a banki ka yi rantsuwa a rubuce kan inda ka samo shi. Baba yace yana saurayi a lokacin, ya ga layi a bakin bankuna tun asuba, ya ga fatake sun dawo daga daji da jaka cike bayan wa'adi ya wuce sun zauna suna kuka kamar yara. Kuma ku tuna a lokacin a farashin gwamnati naira ɗaya ta fi dalar Amurka ɗaya, to ku auna abin da naira dubu biyar da ɗoriya take nufi a hannun mutum ɗaya.

Da na koma gida na ba da labarin shekarar sai Gwaggo, wadda ita ce babba a 'ya'yan kakanmu da suka rage, ta yi shiru can ta fara hawaye. Tace ai a wannan bazarar ce ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, ya dawo daga Shagamu sarin goro ko sati bai yi ba ya faɗi a zaure, bakinsa ya karkace magana ta ɗauke. Tace yana kwance yana ta ɗaga hannunsa mai lafiya yana nuna bango yana gurnani, su kuma suna zaton alƙibla yake nufi sai su gyara masa kwanciya, ko su ɗauka ruwa yake so. Wata huɗu ya yi a haka Allah ya karɓi abinsa. Shekara arba'in kenan ba wanda ya gane abin da yake nunawa sai ranar.

Takardar ajamin ce ta sa nake rubuta wannan bayanin gaba ɗaya, dan da ba dan ita ba da cewa zan yi shago ne kamar kowane shago. Ni na yi allo amma ajamin 'yan kasuwar da, wanda ba wasali sosai ga tawada ta dushe, ya fi ƙarfina. A zuwana na biyu na miƙa wa Baba ita a matsayin ko ita ma tana da kuɗi. Ya gyara tabarau ya bi ta a hankali yana motsa baki, sai ya ajiye ya dube ni yace ɗana kar ku sai da komai tukuna, kuɗin nan ba duka ne naku ba. Ya karanta min, lissafin ajiya ne, kakanmu ya rubuta cewa rafar 'yan goma ɗin nan ta wata baiwar Allah ce maƙociyarsu da take tara kuɗin Makka a gurinsa da sana'ar kaɗi da ƙosai, har da ranakun da take kawowa kaɗan-kaɗan yana haɗa mata. Ku duba fa, mutumin nan a ranar na riga na ce masa ya yi wa kayan kuɗi gaba ɗaya, da ya yi shiru ya saye wa zai sani? Shi ya hana kansa ciniki da bakinsa.

Baffa ya kai maganar gurin malamin unguwa, dan wasu a gida har sun fara cewa ai dukiyar da aka tono a ƙasa hukuncinta fitar da ɗaya cikin biyar ne. Malam yace wancan hukuncin na dukiyar mutanen da ce wadda ba a san mai ita ba, wannan kuwa an san mai ita, na kakanku gado ne, na maƙociya kuma amana ce a mayar wa magadanta. Ba mu sha wahalar samunsu ba jikokinta suna nan a unguwar. Ranar da aka kai musu rafar da takardar, da ɗan abin da gidanmu ya haɗa a kai na kyautatawa, babbar jikarta ta rungume kuɗin tana cewa ashe da gaske Iya take, ashe da gaske take. Wai har ta rasu tana cewa tana da kuɗin Makka a gurin Alhaji amma kunya ta hana ta tambayi iyalansa suna cikin makoki ga shi an ce kuɗin ma sun daina aiki.

To mu dawo kan ciniki, dan na san da yawa abin da suke son ji kenan. Gaskiyar da Baba ya faɗa min ba daɗi amma gaskiya ce: tsufa kaɗai baya sa takarda tsada. Abin da yake sa ta tsada ƙarancinta da lafiyarta. Kuma babban abin da ban taɓa tunani ba, yace ajiya irin tamu in ta fito takan karya kasuwar abin da ta ƙunsa. Jiya mutum goma suna neman Murtala ta farko sabuwa dal guda biyu ce a gari, yau ka shigo da ɗari biyu, to wa zai ƙara tayawa da tsada? Shi ya sa yace ko zai saya ba zai saye duka ba, kuma ya ba mu shawara kar mu zube su lokaci guda. Ya ciro min misali daga kwabarsa, fam ɗin Biyafara mai hoton bishiyar kwakwar manja da rana tana fitowa a bayanta, wanda suka buga lokacin yaƙi bayan gwamnatin tarayya ta canza kuɗi a farkon 1968 dan ta kashe wanda ke hannunsu. Yace mutane suna zuwa da shi suna rawar jiki suna zaton sun tsinci dami a kala, alhali bayan yaƙi an samu tarinsa da yawa wanda ko lamba ba a buga masa ba, ya cika hannun masu tarawa a duniya, shi ya sa mai lamba wanda ya zaga hannun mutane yakan fi marar lamba daraja ko da marar lambar ya fi shi kyau. Ya kuma nuna min ta Zimbabuwe ta dala tiriliyan ɗari, sifili goma sha huɗu a jere, wadda ta fito a 2009 lokacin da kuɗinsu ya lalace, yace ita kuma da bandir-bandir ake samunta kamar banza, yanzu da ta fara ƙarewa a hannun dillalai ta yi kuɗi har ana buga jabunta.

Sauran abubuwan da yake dubawa, ninki ko guda ɗaya ne yana rage kuɗi, kusurwa in ta lanƙwashe, hujin allura ko na abin maƙale takarda, rubutun biro irin wanda 'yan kasuwa suke yi a jikin kuɗi. Sai lamba, in lambobin suna bin juna a jere kamar namu masu tarawa suna so, haka lamba mai kyau irin wadda duk adadi ɗaya ne ko ƙarama sosai. Sai sa hannu, dan takarda iri ɗaya tana iya ɗaukar sa hannun gwamnoni daban-daban, wanda bai daɗe a kujera ba nasa ya fi wuyar samu, kamar Malam Adamu Ciroma da ya riƙe babban banki daga 1975 zuwa 1977 kawai, ba kamar Abdulƙadir Ahmed ba da ya yi sama da shekara goma. Akwai kuma waɗanda lambarsu ta fara da DZ, wai su ne ake sakawa a madadin wadda ta lalace a gurin bugu, tun ranar duk kuɗin da ya shigo hannuna sai na leƙa lambarsa.

Amma ni abin da na fahimta a 'yan watannin nan da nake zirga-zirga gurinsa, masu tara kuɗin nan ba takarda kawai suke saye ba, labarin suke saye. Na karanta na wani mutum a Amurka da ake kira D.B. Cooper wanda ya yi fashin jirgin sama a 1971 ya karɓi dala dubu 200 ya diro da lema ba a sake ganinsa ba, a 1980 wani yaro ɗan shekara takwas yana tonon yashi a bakin kogin Kolombiya ya ci karo da kusan dala 5,800 daga cikin kuɗin duk sun ruɓe sun zagwanye, amma a 2008 guda goma sha biyar kacal daga cikinsu aka yi gwanjonsu kusan dala dubu 37. Ruɓaɓɓun takardu fa. Da na ba Baba labarin yace ai shi ya sa nace ka adana takardar ajamin nan da adakar tare da kuɗin, ranar da ka raba su ka zubar da rabin darajarsu. Ya yi gaskiya, ni kaina yanzu in na riƙe Murtalar nan ba naira ashirin nake gani ba, hannun tsohon nan nake gani yana nuna bango.

Kayan da ke shagon kuwa in kana son tarihi za ka wuni ba ka sani ba. Yana da na zamanin Turawa, na hukumar kuɗin Afirka ta Yamma da aka kafa a 1912, wanda mu da Gana da Saliyo da Gambiya muke kashewa tare, mai hoton kwakwar manja a gaba da rubutun larabci a baya, irinsa guda ɗaya na sule ashirin ya fito a jakar kakanmu. Yana da fam na farko da babban bankin Najeriya ya fitar a 1959, da na 1965 bayan an zama jamhuriya, da na lokacin yaƙi. Yana da nairar farko ta Janairun 1973 lokacin da aka bar fam da sule, fam ɗaya ya zama naira biyu, sule goma ya zama naira ɗaya, shi ya sa har gobe tsofaffinmu in sun ce fam naira biyu suke nufi. Wadda ta fi tsaya min a rai naira ɗaya ce ta wannan zubin, a bayanta ga leburori suna jera buhunan gyaɗa, dalar gyaɗarmu ta Kano ce a jikin kuɗin ƙasa, abin da yaranmu yanzu sai a hoto. Akwai tsofaffin sefa, da kuɗin Zayar mai hoton Mobutu, da dinarin Iraƙi mai Saddam. Sai wata guda ɗaya da yace ko nawa za a ba shi ba zai sayar ba, takardar alhazai ta riyal goma da Saudiyya ta fara fitarwa a 1953 dan sauƙaƙa wa mahajjata ɗaukar azurfa, kafin ma su fara kuɗin takarda sosai, yace mahaifinsa ne ya dawo da ita.

Kuma duk na Najeriyar nan in ka duba za ka ga ajami a jiki, fam ɗaya, naira goma, naira ashirin, da harshenmu. A 2007 aka cire shi daga ƙananan kuɗi, a 2014 aka cire daga naira ɗari ta cikar shekara ɗari da haɗe ƙasa, yanzu sai a ɗari biyu da ɗari biyar da dubu. Kakana bai yi boko ba amma da wannan rubutun yake karanta kuɗinsa yake rubuta amanar mutane, in na ga an ce wai ba shi da amfani raina ɓaci yake.

Yanzu abin da bai min daɗi ba, dan ba zan ɓoye ba. Na farko ajiyar kayan. Mutumin da ya hana ni lasar yatsa shi ne kuma yake zuba wasu takardun a tsohon albam na hotuna irin mai leda mai danƙo, ga zafin Kano ga rufin kwano, na ga wata fam biyar da ledar ta manne mata har ta fara jan kalar. Masu tsadar yana sa su a leda mai kyau ɗai-ɗai, amma na tsakiya suna shan wahala, ga ƙura ga hayaƙin janareton maƙota. Na yi masa magana cikin ladabi nace Baba albam ɗin nan yana cutar kayan nan, yace ya sani, ledar kirki daga waje ake kawo ta kuma ta yi tsada. Na gane uzurinsa amma duk da haka abin yana min ciwo, in wuta ko ruwa ya shiga lungun nan abin da za a rasa ba mai dawo da shi.

Na biyu yaron shagon. Wata ranar na je Baba ya tafi jana'iza, yaron ya nuna min naira biyar mai Tafawa Ɓalewa koriya ta kafin canji, a miƙe sumul, yace sabuwa ce ba ta taɓa shiga hannu ba, ya sa min kuɗin sabuwa na biya. Da na je gida na haska ta da tocilan ta gefe yadda Baban ya koya min sai ga layin ninki uku sun fito, takardar kuma ta yi wani sheƙi ba ta da ƙarar nan ta sabon kuɗi, wato wanke ta aka yi aka bi ta da dutsen guga. Raina ya ɓaci sosai dan a shagon na koyi yarda. Washegari na mayar, Baba ya duba sau ɗaya bai yi musu ba, ya ba ni haƙuri ya mayar min da kuɗina cif, ya yi wa yaron faɗa a gabana har sai da na sa baki. Ya gyara, amma shawarata in ba Baba a shagon ka gaisa ka juya kawai ka dawo wani lokacin.

Na uku ba rasit, ba farashi a rubuce, ciniki ne na baka irin na Kurmi, a taya a ce albarka, kuma na lura farashin yakan ɗan motsa in an ga mutum da baƙo ko da babbar mota a labarinsa. Ba POS, sai tsaba ko taransfa, netwok kuma a cikin lungun sai ka fito bakin hanya. Wayarsa ƙarama ce ba ta hoto, in kana son ganin kaya daga nesa sai ta WhatsApp ɗin yaron, hotunan kuma dishi-dishi ba za ka gane lafiyar takarda da su ba.

Abu biyu da ya ƙi yi su suka ƙara masa daraja a idona. Baya taɓa kuɗin da ake kashewa yanzu, ko sababbi na liƙi a biki, yace dokar babban banki ta 2007 ta hana sai da naira kuma shi ba zai tsufa a hannun hukuma ba. Yace lokacin canjin kuɗin Emefiele gwamnan babban banki na wancan lokacin, ƙarshen 2022 zuwa farkon 2023 da mutane suka kwana a layin ATM, an yi ta kawo masa 'yan dubu-dubu da suka ruɓe a rami da tankin ruwa wai ko zai saya a matsayin tsofaffi, duk ya kore su. Sannan maganar anini da kwabo mai huji da ake yaɗawa wai akwai wani sinadari a ciki ana sayensu miliyoyi, irin dai labarin jan makyuri a tsohon keken ɗinki da dutsen guga na gawayi. A gabana wani bawan Allah ya zo daga ƙauye da anini uku a ƙulle a gefen riga, wai wani a waya yace ya tura kuɗin gwaji za a saya miliyan biyar. Baba ya jawo wata kwalla ya buɗe masa, cike take da anini, yace ɗan'uwa in da gaske ne da ni na fara yin kuɗi, kar ka tura wa kowa sisi. Ya sai masa shayi ya ba shi kuɗin mota. Ni ma kafin in san shagon sai da wani ya kira ni da irin wannan maganar, yadda labarin adakarmu ya kai kunnensa Allah kaɗai ya sani.

A ƙarshe abin da muka sayar kaɗan ne. Ya zaɓi Murtala ashirin daga na tsakiya masu bin juna ya saya dubu uku-uku, waɗanda danshi da roba suka taɓa yace ba su da kasuwa mu raba wa jikoki kowa ya ajiye na tunawa, haka aka yi. Ta sule ashirin ɗin Turawa ya taya dubu talatin da biyar saboda ta sha ninki, Baffa yace a bar ta a gida. Abin da aka samu aka haɗa aka yi wa tsohon sadaka aka sai buhun siminti na ɗakin. Wasu a gida ba su ji daɗi ba dan sun sa rai da yawa, har aka ce in kai wani guri, na kai gurin mutum biyu, ɗaya ya taya ƙasa da haka ɗayan kuma yace in bar masa kayan ya nuna wa wani Bature in dawo jibi, ban bari ba.

In za ka je ka je tsakanin goma na safe zuwa azahar, lokacin akwai haske a ƙofar kuma kasuwa ba ta cushe ba, Juma'a baya fitowa. In kayanka ka tono ne dan Allah kar ka wanke, kar ka goge, kar ka sa salatif a inda ya yage, kar ka ɓamɓare wanda ya manne da ƙarfi, cire roba in ta ciru ka sa su a tsakanin farar takarda a cikin littafi mai kauri ka kai a haka, kuma duk wata 'yar takarda ko jaka da ka samu tare da su ka haɗa da ita. Ka tafi da lokaci a hannunka dan Baba sai ya ba ka tarihin kowace takarda kafin ya faɗi kuɗinta.

Ni dai da na je sayarwa yanzu na koma mai saye. Na sai naira ɗayan nan mai dalar gyaɗa, da sulai biyar ɗinta wato kwabo hamsin na takarda, na samo leda mai kyau na sa su tare da takardar ajamin kakana bayan jikokin Iya sun ɗauki hotonta sun bar mana. Saura naira biyar da naira goma mai madatsar ruwan Kainji in cika zubin 1973, Baba yace akwai wani tsohon ɗan kasuwa a Fagge da iyalansa suka samu wasu a cikin akwatinsa za su kawo masa, yace in leƙo ranar Asabar bayan ya duba su.